Agogo Mai Jini

Ina aji biyu na ƙaramar sakandare lokacin da Baffa, ƙanen mahaifina da ke aiki a Kano, ya kawo wa kakanmu agogo. Hutun ƙaramar salla ya zo Daura. Bayan an ci abinci ya zaro wani ɗan akwati baƙi daga aljihun babbar rigarsa, ya durƙusa ya miƙa wa tsohon da hannu biyu. Ni ina tsaye bakin ƙofar zaure da butar shayi, ban shiga ba, ban kuma tafi ba.

Agogon sabo ne fil, amma an ƙera shi ya yi kama da na da. Fuskarsa ba fara tas ba ce, kalar kindirmon da ya kwana ce. Babu lambobi, sai 'yan sanduna sirara masu ruwan zinare, gilashin kuma ya ɗan taso kamar murfin kwano. Tsinken sakan ɗinsa ba ya tsalle-tsalle irin na agogon bangon ajinmu, tafiya yake yi sululu. Maɗaurin na fata ne, ruwan ƙasa, yana ƙamshin sabon takalmi. A ranar kam ya burge ni.

Kaka ya jujjuya shi, ya ce irinsa ne a hannun wani likitan dabbobi da ke zuwa yi wa shanu allura tun yana saurayi. Sannan ya tambayi inda ake saka batir.

"Ba ya cin batir, Baba," in ji Baffa. "Mai jini ne. Da jinin mutum yake aiki. Muddin yana hannunka ba zai tsaya ba."

Haka mai kantin ya gaya masa, haka kuma kowa a unguwarmu yake kiran irin wannan agogo. Ba wanda ya yi musu.

Kaka ya yi rayuwarsa yana fataucin dabbobi. Tun da gwiwa ta hana shi zuwa kasuwar Mai'adua, zamansa ya koma kan buzu a zaure, sai dai ya dogara sanda zuwa masallacin bakin layi. Ni nake kai masa abinci, ni nake kwashe kwanuka, ni nake zuba masa ruwan alwala domin bayansa ba ya sunkuyuwa. Yana kirana amarya, kamar yadda kakanni ke yi wa jikoki, yana cewa an cuce shi an aura masa kurma. Sauran jikoki suna rama tsokanar har da tsawa. Ni sai in ja gefen hijabi in rufe baki.

Saboda wannan aiki, babu wanda ya kai ni kusanci da agogon nan. Ni na fara jin warinsa.

Tun da aka ce da jini yake aiki, Kaka ya ɗaure shi a hannun hagu har hujin ƙarshe, kuma ya ƙi cire shi ko na ɗan lokaci. Da shi yake alwala, da shi yake wanka, da shi yake shiga bayi. Ga zafin bazara. Kafin a jima maɗaurin ya yi baƙi, gefensa ya yi farin gishirin zufa, ya fara wari irin na fatar ragon layya da aka manta ba a shanya ba. A lungun da fata ta haɗu da ƙarfe wani datti kore-kore ya taru. Idan ya miƙo hannu in zuba ruwa, sai in kau da kai kamar ina kallon kaji, in riƙe numfashi har ya gama. Shi ko a jikinsa. Duk baƙon da ya shigo sai ya janye hannun riga ya nuna masa.

Wata safiya na kawo koko na tarar yana kallon hannunsa shiru. Agogon ya tsaya tun cikin dare. Aka kira Baffa a waya, ya ce ƙila bai taɓa jijiya sosai ba, a ƙara matse shi. Goggo, yayar mahaifina da ke zaune tare da mu, ta ɗauko basilla ta huda sabon rami a maɗaurin. Garin hudawa da jujjuyawa agogon ya tashi, kowa ya ce ka gani. Washegari ya sake tsayawa.

Sai Goggo ta ce a gwada a hannunta. Ta ɗaura ta shiga dakan gero, ta share tsakar gida, ta yi wanke-wanke. Agogo ya yi ta tafiya abinsa. Aka mayar wa Kaka, bai kai wani yinin ba ya mutu. Babu wanda ya furta, amma kowa ya karanta abin a fuskar ɗan'uwansa: jinin tsoho ya ƙare.

Mahaifina ya kai shi asibiti aka ɗebi jini aka auna, aka ce lafiyarsa lau, tsufa ne kawai da ciwon gwiwa. Kaka bai yarda ba. Ya ce likita ɗigo ɗaya ya gani sau ɗaya, agogo kuwa dare da rana yana zaune a kan jijiya, wa ya fi wani sani?

Daga nan gidanmu ya koma wurin haɗa maganin ƙarin jini, Goggo ce shugaba. Hanta mai rabin dahuwa, tana ɗigar ja a kwano. Ruwan karan dafi da aka tafasa har ya yi kauri. Mafi muni shi ne wani haɗi da wata maƙwabciya ta koya mata: lemon malt da madarar gwangwani da tumatirin gwangwani, a kaɗa su a kofi ɗaya. Yana fitowa da kumfa, kalar ruwan kwata bayan an yanka kaza. Ni ake ba in kai. Kaka ya runtse ido ya shanye, wani lokacin haɗin ya zauna a cikinsa, wani lokacin ya dawo da shi a tasa, ni kuma in ɗauki tasar in je in wanke. Har yau idan na ga an buɗe gwangwanin tumatir sai in bar wurin.

Goggo ta kuma kafa doka: kada ya motsa hannun, domin ɗan jinin da ya rage ya taru wuri ɗaya. Aka sa masa matashi, hannun hagu ya kwanta a kai kamar jariri. Ya daina zuwa masallaci. Ya daina zama, sai kwanciya. Agogon da a da yake kai yini, yanzu ko motsi ba ya yi. Kaka ya fara aika a kira masa tsofaffin abokan ciniki yana neman gafararsu. Ya ba liman sandarsa, ya ce ba zai ƙara buƙatarta ba. Tuwon da nake kaiwa yana dawowa da ɗan gurbin yatsu biyu kawai. Idan na shiga ba ya ce mini amarya, sai "ajiye nan." Mutumin da asibiti ta ce lafiyarsa lau yana ta ramewa a gabanmu, yana jiran ranarsa, saboda wani ƙarfe mai wari ya ƙi tafiya.

Ramar ta sa aka sake huda maɗaurin. Ƙarshe fatar hannun ta ƙasan agogon ta yi fari, ta tattare kamar yatsun mai wanki, ta fashe ta fara ruwa. Ƙudaje suka gano wurin. Umma, mahaifiyata, ce ta yi ƙarfin halin cewa dole a cire a wanke abin nan, a bar ciwon ya sha iska. Kaka ya yarda da sharaɗi ɗaya: a ɗaura wa wani mai jini kafin nan, kada agogon ya mutu gaba ɗaya. Idanu suka juyo kaina.

Goggo ta ɗaura mini. Maɗaurin da ɗumi, da danshi, da santsi. Na ɗauki tsohon buroshin haƙori da garin sabulu na zagaya bayan madafi, inda ba mai gani, na kwance shi da sauri na goge hannuna da ƙasa.

Da na kifa shi na ga bayan ya toshe da wani baƙin datti mai kauri. Na kankare da tsinken tsintsiya, sai ga gilashi a ƙasa. Ashe ana ganin cikinsa. 'Yan ƙafafu masu haƙora, 'yan duwatsu jajaye ƙanana kamar ƙwayar gero, da wani ƙarfe mai siffar rabin wata kwance a samansu. Komai tsit. Na cuɗa maɗaurin har ruwan ya daina fitowa baƙi, ina ƙoƙarin kada ruwa ya taɓa kan agogon. Saboda ƙyama, da yatsu biyu na kama bakin maɗaurin, na nisanta shi da jikina, na yi ta yarfe ruwan.

Sai na ji wani ɗan sauti, sirrr. Rabin watan nan yana wulwulawa. Na tsaya, ya tsaya. Na karkata shi, ya gangaro. A ƙarƙashinsa wata 'yar ƙafa ta fara bugawa da sauri kamar ƙirjin ɗan tsako. Na juyo fuskar: tsinken sakan yana tafiya. Agogon ko taɓa fatata bai yi ba.

Na ƙara kaɗa shi sosai, na shimfiɗa shi a kan katanga ya bushe, na koma gefe na tsuguna ina kallo. Katanga ba ta da jini. Har inuwa ta juya yana tafiya.

Na samu Umma tana tankaɗe, na raɗa mata cewa motsi yake ci, ba jini ba. Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta tambaye ni ko na fi Baffana da ya saya sani, ta ce kada in kuskura Goggo ta ji, bayan duk wahalar da ta sha da hanta. Ga Kaka kuwa ban ma san ta inda zan fara ba. In ce masa ɗansa bai san abin da ya saya ba? Ko in ce masa a banza ya kwanta, a banza ya nemi gafarar mutane?

Da na koma zaure Goggo tana duba ciwon. Ta ce za a naɗe shi da tsumma, a ɗaura agogon can sama da wurin. Kaka ya ɗago hannun hagun da ƙyar yana jira. Ɗaya hannun kuwa yana ta jan carbi, ya ajiye ya ɗauki mafici ya kori ƙuda, ya sake ɗaukar carbi. Ban taɓa lura ba sai ranar: hannun nan ba ya hutawa. Da shi yake gaisawa da masu zuwa dubiya, a kama a saki a dafa ƙirji a sake kamawa.

Na durƙusa, na ji muryata ta fito ƙarama.

"Ango, kawo ɗaya hannun. Wannan na hagun ya tsufa, ba na son sa."

Goggo ta saki baki. Kaka ya dube ni, ya daɗe, sai kafaɗunsa suka fara rawa. Dariya yake yi, irin wadda ta ƙare da tari.

"Ashe kurmar tana da baki. Ke amarya, wa kika taɓa gani da agogo a hannun cin tuwo?"

"Ai shi ke cin tuwon," na ce. "Shi zai fi jini."

Ya ce wannan magana ce. Ya miƙo. Na ɗaura masa, na bar maɗaurin sakwa-sakwa yadda yatsa zai shiga.

Washegari agogon yana tafiya. Kwana na biyu ma haka. Kaka ya yi ta kai shi kunne yana saurare. Ya nemi a ɗumama masa tuwon jiya, ya cinye. Kafin mako ya zagayo ya aika a karɓo sandarsa wurin liman, ya ce aro ya ba shi.

Goggo ta ce haɗin tumatirinta ne ya kama jiki, ta ƙara yawan kofin. Baffa ya ce a waya dama jijiyar dama ta fi kauri, ya manta ne bai faɗa ba.

Ni abin da na samu shi ne ƙarin aiki. Yanzu agogon yana hannun da ke shiga kwano. Miyar kuɓewa tana gangarowa ta wuyan hannu ta shige ƙarƙashin maɗaurin. Fura ma haka, man gyaɗa ma haka, har ɓarɓashin goro nake tonowa daga ramukan da Goggo ta huda. Warin ya canza, bai ragu ba: na da na fatar layya ne, na yanzu na tukunyar miyar da ta kwana biyu a rufe. Kuma tun da ni na wanke na farko, ni aka bar wa. Kowace Juma'a da safe zai miƙo hannu ya ce amarya ta zo ta yi wa kishiyarta wanka.

Da ya samu motsi sosai kuma sai wani halinsa ya fito: gudu yake yi, kullum yana ƙara gaba kaɗan-kaɗan, ba kuma wanda Kaka ke bari ya taɓa kunnen gyaran lokaci. Don haka yakan riga kowa isa masallaci. Daga tsakar gida ina jiyo shi a bakin layi, yana buga sanda a ƙasa, yana yi wa ladan faɗa wai ya makara da kiran la'asar.