Katin da Mode Bai Cika Ba

Shekara ashirin da wani abu ke nan rumfata ta ɗinki tana jingine da ta Mode mai gyaran rediyo a kasuwar Wurno. Mutum ne mai gardamar tsiya, kuma ban taɓa ganin ya ɗaure rediyo bai bar kusa ɗaya a waje ba. Amma a zamaninsa ya yi tashe, don shi ne wakilin wata ƙaramar tashar rediyo da ake kamawa daga Rabah har Goronyo in an ja eriya sosai. Shi ke sayar da katin gaisuwa. Ka faɗi waƙar da kake so da sunayen waɗanda za ka gaisar, ya rubuta, ran Juma'a da la'asar a karanto su a saka maka waƙarka.

Tashar ta daɗe da rufewa. Yanzu kowa waƙarsa na cikin wayarsa, ba mai gaida kowa. Abin da ya rage wa Mode shi ne hira da tsofaffin abokansa a kan benci, suna musu kan wace waƙa aka fi tambaya shekarar da ruwa ya ci gonakin albasa, da wanda ya fara kaɗa ta da gurmi kafin wasu su kwaikwaya. Ɗaya bayan ɗaya suka riga shi gidan gaskiya. Bara na ƙarshensu ya rasu, Buba Bafulatanin Kwargaba. Tun daga nan Mode yakan ɗauko waƙa, ya kai tsakiya ya tsaya, yana jiran mai ƙarasa masa. Ni ban san waƙoƙin ba. Yana ba ni tausayi ƙwarai, ko da yake ba na nuna masa.

Wata ranar kasuwa wata mata ta durƙusa a bakin rumfarsa, ta kwance wani tsohon rediyo daga cikin zane.

“Baffa, ni ta Bara'atu, ɗiyar Buba, wadda ka aure Goronyo. Rediyonai na, ina son a tada shi.”

Mode ya yi mata gaisuwar rashi, ya fara kwance kusoshi. Tana kallon hannunsa, ta sake magana.

“Baffa, kai ka rubuta mai kati. Shekara goma sha biyar ina saurare dut Juma'a. Ya gaida ƙannena, ya gaida maƙwabta, har mai saida mai kanwa ya gaisar. Ni ko sau guda. Mi niy yi mai?”

Na tsayar da kekena, don na san amsar. Bara'atu 'yar fari ce, kuma Buba irin mutanen da ne da ba sa kama sunan ɗan fari ko da wasa. Duk ranar da ya zo cika kati, in ya gama jero sunaye sai ya sunkuyar da kai ya ce, “Da waccan ta Goronyo.” Na sha ji da kunnena. Mode kuwa sai ya ɗaga alƙalami ya bar layin fayau. Mai gabatar da shirin ba ya karanta gaisuwa ba suna, Mode kuma a ganinsa in ya rubuta sunan, duk ruga za ta ji Buba ya kira 'yar fari a rediyo, ya kunyata abokinsa. Bai taɓa tambayar Buba ba, Buba ma bai taɓa yin ƙorafi ba.

Da Mode ya yi shiru, da ba wanda zai tona shi, don ni ba zan saka baki ba. Sai na ga ya ajiye abin da ke hannunsa.

“Laihina na, ɗiyata. Bai taɓa tashi nan wurin bai hwaɗe ki ba. Ni na ban rubuta ba.” Ya dube ta. “Wace waƙa shika tambaya?”

“Wadda nika yi in ina tatsa, tun ina gida.”

“Kin taɓa jin ya canza ta?”

Ta ja mayafi ta rufe fuskarta.

Mode ya jawo wani gwangwani daga ƙarƙashin tebur, ya zaro kati ɗaya cikin waɗanda suka rage, har ya yi ja don tsufa. Ya rubuta Buba Kwargaba a sama, ya rubuta suna ɗaya tak a ƙasa. Bara'atu ba ta karatun boko, sai ta ce ya nuna mata inda nata yake. Ya ɗora yatsa a wurin. Ta ninke katin ta ƙulle a haɓar zane, ta yi mana sallama.

Rediyon ya tashi tun a makon, amma har yau ba ta dawo ɗauka ba. Ran Juma'a da la'asar Mode yakan murɗa shi zuwa inda tashar take a da, ya bar shi yana shuuu har a kira magariba. Da nakan yi masa faɗa ya kashe, yanzu na daina.