Motar da Ke Kwana a Gindin Rumbu

Ranar da na shigo da motar nan gida, ko tuwo ban iya ci ba don murna. Tsohuwa ce mai shan dizal, tana da turbo mai ƙara wa inji ƙarfi, kuma a bakina babu irinta daga Anka har Gummi. Duk wanda ya tsaya gaishe ni sai na buɗe masa bonet, ko ya tambaya ko bai tambaya ba. Matata ta ce saura kaɗan in shimfiɗa tabarma in riƙa kwana a ƙarƙashinta. Don kada rana ta ci fentinta, na kafa mata rumfar kara na jingina da rumbun dawarmu, inda ya fi ko'ina inuwa a gidan.

Da karsanar Inna aka cika sayen motar. Abu ɗaya ta nema: in kai ta wurin ƙanwarta da ke ruga bayan Nasarawa Burkullu. Sun daɗe ba su ga juna ba, don gwiwoyin Inna sun daina yarda da babur. Ga shi kuma kaka ta wuce, mutanen rugar suna shirin tashi da shanu zuwa kudu, ba wanda ya san ranar dawowarsu.

Muka ɗauki hanya wata safiya, ina ta cika baki. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. A kan kwalta motar ta yi gudu har Inna na salati, amma da muka sauka hanyar ƙasa muka iso mashigin rafi, inda dole a bi yashi a hankali a hau gaɓa, sai ta mutu a hannuna. Na taka totur har ƙasa, ta yi nishi, ta saki baƙin hayaƙi, ta tsaya a tsakiyar hawan. Sau huɗu ina gwadawa. Dole muka juyo gida.

Washegari na tafi Anka. Bakanike na farko ya ce man 'yan bumburutu ne, ya canja filtar mai. Na biyu ya wanke nozul masu fesa mai. Na uku ko bonet bai gama ɗagawa ba ya ce turbo ya mutu, sai an aiko da wani daga Kano, mako biyu in an yi sa'a. Mutanen ruga kuwa Asabar za su tashi, ranar nan Laraba ce. Na dawo raina a ɓace, ina jin haushin motar, ina jin haushin kaina.

Wani direba ne ya ce in gwada wani tsoho a Gummi da ya yi zamaninsa yana gyaran tarakta. Na same shi ranar Alhamis da hantsi a gindin darbejiya, ba kwamfuta, ba allo, sai akwatin sifana da buta. Ya sa na tada inji, na taka a hankali, na taka da ƙarfi. Ya karkata kai yana saurare.

"In ta yi sama tana da ƙarhi, in tana ƙasa babu?"

"Haka ne, Baba."

"To turbo nata bai mutu ba, makara shikai. Ina taka kwana?"

Na ɗauka ban ji daidai ba. Na zo da ciwon inji, ana tambayata makwanci kamar na kawo saniya mai zawo. Na ce a gida, cikin rumfa, jikin rumbu.

Tsohon ya yi dariya har hularsa ta zame. Ya kwance murfin akwatin da filtar iska ke ciki, ya ce in miƙo hannu biyu. Wallahi dawa ya zuba mini, jar dawar gonarmu, da ɓawon gyaɗa da tsummokara. Ya ɗebo ya sake ɗebowa, har ta kusa cika kwanon sha.

"Kusu na," in ji shi, wato ɓera ne. "Ka gina mai ɗaki mai ɗumi a ƙohwar abinci, mi kaka so shi yi?"

Bai tsaya nan ba. Ya bi wani siririn tiyo da bai wuce kaurin fensir ba, ya cire bakinsa ɗaya, ya toshe ɗayan da yatsa, ya sa a baki ya zuƙa. Ni da ke tsaye na ji iska na shiga ta gefe. Ya lanƙwasa tiyon, sai ga sawun haƙora reras. Ya yi mini bayani cewa wannan ɗan tiyon shi ke jan turbo ya kama aiki tun inji na ƙasa-ƙasa. In ya huje, sai mota ta yi ta ihu kafin ƙarfi ya zo, ga kuma hancinta a toshe da dawa. Ina jin haka na fara tsalle a gaban mutane, ni da gemuna.

Ya yanko sabon tiyo ya sa, ya kakkaɓe akwatin, muka saka sabuwar filta. Na taka totur kaɗan kawai, motar ta zabura har kaina ya bugi kujera. Tun daga Gummi har Bukkuyum ina waƙa, ni da ba a taɓa jin muryata ba sai a karatu. Ina isa gida na rushe rumfar nan da hannuna, matata na dariya tana tara karan don girki.

Asabar muna idar da sallar asuba na ɗauko Inna. Ni ɗan fari ne, ba ta faɗin sunana, don haka da muka hango mashigin sai ta ce, "Kai wanga, in ba ta iyawa ka aje ni nan, in rarrahwa."

Na sa giya ta ɗaya. Na yi bisimilla na taka totur a hankali. Motar ta shiga yashi a natse, ta kama gaɓa, ta hau kamar ba ita ba, ko hayaƙi babu. Na buga sitiyari na yi kabbara.

Mun tarar an riga an kwance bukkoki, an ɗaure ƙore a kan jakuna, shanun gaba har sun fara miƙewa. Wata tsohuwa tana ɗaure tabarma ta ɗago kai tana duban motar. Kafin in gama tsayawa Inna ta buɗe ƙofa da kanta, ita da sai mutum biyu sun kama ta take sauka. Ta nufi tsohuwar tana kiranta da Fillanci, da wata murya ta 'yan mata da ban taɓa sanin tana da ita ba. Na bi ta a guje da sandarta, ta ture hannuna ba ta ko waiwayo ba.