Kwanon da Aka Ware wa Inna

Tun tasowata a Samaru ban taɓa ganin mahaifiyarmu, Inna, ta ci abinci ita kaɗai ba. Babban kwano ɗaya ne, mu mata da jikoki mu kewaye shi, ita kuma tana ci tana turo wa kowa nama gabansa.

Da aka gano tana da ciwon suga, likita a asibitin Shika ya tura mu wurin wata ma'aikaciyar asibiti da ake kira likitar abinci. Abin da ta karanta ke nan, tsara wa marasa lafiya abin da za su ci. Yarinya ce, ba ta ma kai ni ba, ga layi har waje. Ta duba gwajin, ta ce ƙodar ma ta fara gajiya. Ba ta hana tuwo ba, amma malmalar kada ta wuce dunƙulen hannun Inna, a rage gishiri, a bar kanwa, kuma a riƙa zuba mata nata daban don a san abin da ta ci. Muka ce to, muka fito.

Sai da muka shiga mota Inna ta buɗe baki. "Ni za a ware wa kwano? Kuturwa ce ni?"

Mun gwada, wallahi mun gwada. Tana gefe da ɗan farantinta tana jujjuya loma, mu muna nan muna satar kallonta. Maƙwabciya ta shigo dubiya ta riƙe haɓa, "Ashe auna wa tsohuwa abinci kuke yi?" Inna ta rame, ta daina hira.

Yayanmu, babba a gidan, yana sayar da kayan mota a Sabon Gari. Shi ya kawo labarin wata Madam kusa da shagonsa, wai tana warkarwa da abinci. 'Yar Kudu ce haifaffiyar Sabon Gari, Hausa a bakinta ta fi tawa. Da Yaya ya haɗa su, har ƙasa ta durƙusa ta gaida Inna. Ta zauna ta tambayi barcinta, ta tambayi rasuwar Baba, ta saurara har Inna ta yi ƙwalla. Sannan ta ce, "Mama, ki koma ki ci da 'ya'yanki, kaɗaici ma ciwo ne." Ta ba da garin ganye da ruwan zogale safe da yamma, ta ce a janye ƙwayoyin asibiti a hankali, su ne ke gajiyar da ƙoda.

Ni kam na tayar da ƙayar baya. Na ce, "Yaya, wannan wa ya ba ta izinin taɓa magani? Ta asibiti in ta yi kuskure akwai inda za a kai ƙara. Wannan fa?"

Ya ce, "Ke dai akwai baki. Tun da kuka dawo daga Shika kin ga Inna ta yi dariya?"

Ban gani ba kuwa.

Aka bi maganar Madam, aka janye ƙwayoyin, Inna ta dawo babban kwano. Ta yi kumari, ta koma tsokanar jikoki, 'yan dubiya suna ta sa wa Madam albarka. Watannin nan sun fi kowane lokaci daɗi a gidanmu, kuma har yau in na tuna su sai in ji zuciyata na ƙuna. Sai ƙafafu suka kumbura, amai ya biyo baya, wata safiya ta kasa tashi daga kan sallaya. A asibiti aka ce ƙoda ta tafi, sai dai wankin ƙoda da na'ura.

Madam ta zo dubiya da lemo a leda, ta yi kuka na gaske. Na so in zage ta, bakina ya ƙi. Da likitar abincin ta shigo ɗakin kuwa, a kanta na sauke. Na ce ita ta ware uwarmu kamar mai annoba har muka gudu. Ta ce, "Ayya, Anti, da kun gaya mini. Ai sai a sa malmalarta a gefe ɗaya na kwanon, ku ci tare."

Shi ke nan fa. Abin da ya raba mu da ita bai wuce wannan ba. Ita ba ta tambayi yadda muke ci ba, mu kuma in mai farar riga ta yi magana, to kawai muka iya cewa.

Inna ba ta sake komawa Samaru ba. A kwanakinta na ƙarshe a asibiti ana kawo mata ɗan faranti, an auna, babu gishiri. Ba ta taɓa shi sai ta dube ni ta ce, "Sa hannu mana." Ina sa hannu, ita kuma sai ta turo mini ɗan naman da ke ciki.