Shekarar da Ummu Salma ta ɗanɗana alkakinta

A Gwiwa, in aka ce garar wance ta yi kyau, ba a tambayar wa ya yi alkakin. Ummu Salma ce. Shekara goma sha ɗaya tana suya, kuma ko ɓarɓashi bai taɓa hawa harshenta ba, domin ciwon suga ya riga sana'ar shiga gidan. Da yatsa biyu take auna ruwan sukari: in ya ja zare ya tsinke inda take so, ya yi. Allurarta ta insulin kuwa tana cikin gwangwani a gindin randa, binne a jiƙaƙƙen yashi, saboda wutar lantarki a unguwarsu baƙuwa ce mai kunya, ba ta daɗewa.

Haihuwarta ta biyar ta zo da zubar jini mai yawa. Aka ƙara mata leda uku, ta tashi. Sai dai nono bai zo ba, duk kunun da aka ɗura mata, har Ma'u jaririya ta saba da madarar gwangwani. Al'ada ma ba ta dawo ba, ita kuwa ba ta aika a kira ta ba.

Daga nan suga ya fara sauka. Allurar da ta saba yi sai ta riƙa sa ta gumi da karkarwa. Ta rage, ta sake ragewa, na'urar gwaji ba ta daina nuna ƙasa ba.

Surukarta Hajja Kaka ba ta yi mamaki ba ko kaɗan. Tun arba'in take dafa mata ganyen sabara da wasu saiwoyi da ba ta faɗin sunansu.

"Na gaya miki tun ranar da aka kawo ki gidan nan," in ji ta. "Bature ya san allura, amma ina ya san sabara?"

"Haka ne, Hajja."

Kafin damina labari ya kai Roni da Ɓaɓura. Masu suga suka riƙa zuwa a babur da jarkoki, Hajja Kaka tana cika musu saboda Allah, tana nuna surukarta a matsayin shaida. A wannan shekarar ce Ummu Salma ta ɗauki alkaki guda, ba don marmari ba, don karkarwa ta taso. Ta tauna a hankali.

"Ashe ba kara mutane suke min ba," ta ce.

Abu ɗaya ne bai shiga labarin ba. Matar da ta warke tana sa rigar sanyi a tsakiyar bazara. Taɓaryar dakan nakiya ta fi ƙarfinta. Gara biyu ta mayar, ita da ba ta taɓa ce wa uwar amarya a'a ba. Ta sha tambayar kanta wace irin lafiya ce wannan da ba ta iya ɗaga taɓarya, amma ba a tsaya gaban mutum ashirin da jarkokinsu a ce ana jin jiki.

Wata safiyar kasuwa Ummu Salma ta zube a gefen kasko. Mijinta Abatcha ya lakato ruwan sukarin alkaki ya shafa mata a dasashi har ta buɗe ido. Daga asibitin Kazaure aka tura su Kano. Hajja Kaka ta bi su, don likitoci su ga aikinta.

Likitar, wata doguwar mata mai tabarau, ba ta fara da suga ba.

"Bayan haihuwar, nono ya zo?"

"Likita," in ji Hajja Kaka, "suga muka kawo, ba jego ba."

"Duk tafiyarsu ɗaya, Hajja."

Da sakamakon gwajin jini da hoton kai ya fito, ta zaunar da su. Ta ce akwai wata 'yar tsoka a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, ba ta fi ƙwayar gujiya ba, ita ke aika wa jiki umarni: a kawo nono, a ɗumama jiki, a ɗaga suga in ya faɗi. Ranar zubar jinin, jini bai ishe ta ba, ta daina aiki.

"Ciwon suganki yana nan, Maman Ma'u. Mai tare sugan kada ya faɗi ne ya kwanta, shi ya sa allura kaɗan take kayar da ke. Da an ƙara jinkiri, wata faɗuwar ba a tashi."

"To, sabarar fa?" in ji Hajja Kaka.

"Ta yi ɗaci, Hajja. Iyakar aikinta ke nan."

Aka rubuta ƙwayoyi iri biyu da za su maye aikin tsokar, kullum har abada, ba fashi.

"Kuma suga zai hau," in ji likita.

"Zai dawo?" in ji Ummu Salma.

"Da yardar Allah."

Bayan mako uku na'ura ta nuna sama. Abatcha ya duba sau biyu, ya ce alhamdulillahi, Hajja Kaka ta rangaɗa guɗa. Maƙwabta suka shigo, suka rasa ko barka za su yi ko jaje, sai suka yi duka biyun. Masu jarka kuwa Hajja Kaka da kanta ta kora su asibiti, tana shaida musu cewa ita ce dama ta matsa a je Kano. Ƙwayoyin ma a hannunta suke yanzu, kuma ba a taɓa yin fashi ba.

Da kaka ta yi, rigar sanyi ta koma akwati, gwangwanin allura ya sake cika a gindin randa, aka sake jin daka daga gidan Abatcha. Garar farko ta 'yar Musaddiƙ mai faci ce. Uwar amarya ta miƙo mata alkaki ta ce ko ɗan gefe ta gutsura.

"Na ɗanɗana shekara guda, Adda, ya isa. Na san abin da nake yi muku."

Ta tsoma yatsa biyu a tukunya, ta ɗaga. Zaren ya ja, ya tsinke inda take so.