Ɗigo Uku a Kariyar Keke

Shekara ashirin da shida ina aikin ƙarfe a Jidda, ranaku da yawa sun ɓace mini, amma ban taɓa mantawa da ranar da aka shigo da wani tsohon keke warsharmu, wato garejinmu na unguwar Khumra, ba. Mako biyu bayan Babbar Sallah ne, bara waccan. Ku da kuka fara aiki bana ku buɗe kunne, don na ga kuna rugawa sito ɗauko kaya tun mai mota bai rufe baki ba.

Aikinmu shi ne sa wa motoci kayan da kamfani bai sa ba. Mudir, wato manaja, shi ne a sama, na girme shi da shekara ashirin, amma shi ke da takardar makaranta. Ni mu'allim ake ce mini, wato babban ma'aikaci. Suna ne kawai. Aji huɗu na yi a Maiurno, can Sudan, aka kai ni koyon walda.

Ran Lahadi wata mata ta shigo da mota mai lantarki. Samira sunanta, haihuwar Madain Fahd a nan Jidda, Hausarta rabi da rabi. Ta ce, "Ammu, ƙugiya nake so a baya, ashan in sa hamil na keke." Ammu baffa ke nan da Larabci, ashan kuma don. Hamil shi ne ƙarfen da ake ɗora kekuna, bakinsa yana shiga cikin ƙugiyar.

Na ce, "Kawo kekunan in gani."

Ta ce, "Keke keke ne, Ammu."

Na ce, "Jaki ma jaki ne, amma ba a ɗinka mangala sai an ga kaya."

Washegari ta dawo da su a bayan motar maƙwabcinsu. Nata sabo ne, da hannu ɗaya na ɗaga shi. Ɗayan baƙi ne na ƙarfe, irin na da, da kariya mai faɗi a baya kamar gadon yaro. Ta ce na mahaifinta ne, Alhaji Sale, da shi ya zo daga Sudan a jirgin ruwa. Tun da mahaifiyarta ta rasu ya daina fita. Likita ya ce ya motsa jiki, shi kuwa ya ce ba zai hau keken kowa ba sai nasa. Titin unguwarsu duk motoci, shi ya sa take so ta riƙa kai shi bakin teku da safiyar Juma'a.

To, ga abin da nake so ku riƙe. Kowace ƙugiya lamba biyu gare ta: nauyin da za ta ja, da nauyin da zai danne ta ƙasa. Keke ba jan sa ake yi ba, rataye yake, saboda haka lamba ta biyu ce tamu. Ita ma motar tana da tata lambar a littafinta. Wadda ta fi ƙanƙanta cikin biyun ita ce doka. Na ɗora kekunan da hamil a sikeli. Littafin motar ya yarda da nauyin. Amma ƙugiyar da ke sitonmu mai ƙaramin baki ce, kayan sun wuce ƙarfinta da kilo biyar.

Da motar fetur ce, da na ƙara ƙarfe a ƙasa na yi walda, a wuce wurin. Mai lantarki ba a yi mata haka. Batirinta shimfiɗe yake a ƙarƙashinta kamar katifa, ga manyan wayoyi masu launin lemo. Ba huda, ba walda. Ramukan da kamfani ya bari kaɗai ake ɗaurewa. Wato aikin da na ƙare kuruciyata ina koyo, a gaban motar nan ba shi da amfani.

Mudir ya leƙo ya dubi sikelin ya ce, "Basiɗa, abu mai sauƙi. Yanke kariyar nan, ita ce nauyin. Yalla, ya Idris."

Samira ta ce, "Baba ba zai lura ba, ko?"

Na ɗauko sarukh, injin yankan ƙarfe, na durƙusa. Na sa tsumma na goge tsatsa don in ga inda zan sa wuƙar. Sai na ga ɗigo uku a jere a ƙarshen waldar.

Kowane mai walda yana da hannu, kamar yadda kowa ke da rubutunsa. Usta Garba, wanda ya koya mini aiki a Maiurno, in ya gama layi sai ya ɗiga uku. Ya ce ɗaya na Allah, ɗaya na mai kaya, ɗaya na wanda zai gyara bayansa. Na juya ɗaya gefen kariyar. Walda ce karkatacciya, duk ƙuraje, kamar tururuwa ta bi ta kan kunu. Na san ta. Tawa ce. Ina ɗan shekara goma sha huɗu na yi ta, ranar farko da ya miƙa mini wuta, ya kuma ja mini kunne a kanta. Har warin rumfarsa na ji a hancina, gawayi da shayin da yake dafawa a kan ƙarfe mai zafi, da iskar kogi in la'asar ta yi.

Da zan taho Jidda na ce wa Usta Garba shekara biyu zan yi, in dawo masa da sabon injin walda. Shekara biyu ta zama biyar. Iƙama, wato takardar zama, kafilin da nake zaune ƙarƙashin sunansa, ciwo, haya. Da ta kai goma kunya ta hana ni aika ko gaisuwa.

Na ajiye sarukh na ce, "Ba zan yanke ba."

Mudir ya ce, "Wannan shara ce, a bola ma ba mai ɗauka."

Na ce, "Ga injin nan, ka yanke da hannunka."

Bai iya riƙe shi ba, kowa ya sani. Ya matso ya rage murya. "Iƙamarka saura wata biyu. Ka tuna wanda ke kai takardu wajen kafili."

Na ce, "Na tuna."

Na shiga ofis na buɗe littafin kaya na bi shi layi layi da yatsa, don karatuna a hankali yake tafiya. Na samu ƙugiya mai babban baki, inci biyu, wadda aka ƙera don irin motar, tana hawa ramukan kamfani, lambarta ta ɗauki kayan har da saura. Na zaɓi hamil gajere mai riƙe keke ta taya, don in kaya ya yi nisa da mota ƙarfinsa a kan ƙugiya ƙaruwa yake. Sai dai kwana tara kafin su iso. Samira ta ce, "Halas, shi ke nan, zan jira." Mudir ya tura ni fili sauke ƙarafa a rana har kwana taran suka cika. Shekarata hamsin da ɗaya.

Ranar ɗauri Samira ta zo da tsohon. Na cire bamba, na ɗaura ƙugiyar, kowane noti na ja shi daidai awonsa, na mayar da komai, na ɗora kekunan na girgiza. Ko motsi. Alhaji Sale ya tako da kansa ya dafa kariyar, yana shafa ta.

Na gaishe shi na ce, "Baba, wannan aikin Usta Garba ne."

Ya ɗago ya dube ni. "Ɗan Maiurno ne kai? Garba ai ya riga mu gidan gaskiya, an fi shekara goma. Da na je ganin gida na same shi da tsohon injinsa, yana tari yana aiki. Na ce ya sayi sabo, ya ce a'a, akwai yaronsa a Jidda, injin yana hanya."

Na ce, "Allah ya jiƙansa."

Ya sa yatsa a kan karkatacciyar waldar. "Ka ga wannan? Yaron ne ya yi. Na ce Garba ya sake ta, ya ce in bar ta, muni gare ta amma ba za ta karye ba. Shekara nawa yau, buhunan gawayi, tulunan ruwa, har uwar yarinyar nan ta zauna a kai. Ba ta karye ba."

Ban ce masa ni ne ba. Na buɗe masa ƙofar mota ya shiga. Motar ta fita ba ƙara, yadda irinsu suke yi, baƙin keken yana tsaye a baya cikakke, na bi shi da ido har suka sha kwana.

An sabunta iƙamar, bayan an ja mini rai. Ga ni nan, ba inda na je. Rumfar ma ban san ko tana nan ba.

Abin da na koya ke nan, in za ku ɗauka. Ku auna kaya kafin ku zaɓi ƙugiya. In ba su dace ba, ƙugiyar ake canzawa, ba kayan mutum ake yankewa ba, don ba ku san abin da ya ɗauka a kai ba. Kuma duk wanda ya bar wani a gida yana jiran sa, ya kira shi yau, ko da hannu wofi. Ni yanzu da wuya a ba ni walda, motocin sun daina so. Amma in ta samu, ina gama layi sai in ɗiga uku.