Ranar da Goggo Ta Lulluɓe Ampili

Ko zan manta komai, ba zan manta Idin da aka yi a garinmu kusa da Kalfu ba, cikin tsakiyar bazara.

Mahaifina ne liman, amma ciwo ya cinye masa murya, sai raɗa. Dattawa suka ce ya huta, wani ya yi huɗuba. Baba ya roƙe su su bar shi ko sau ɗaya. Ni mai gyaran rediyo ne a Tahoua, sai na haɗa masa ampili, na'urar ƙara murya.

Zuciyarta wani ɗan baƙin abu ne kamar dabino. Wutar batir da bai tura wa lasifika ba, zafi take zama a jikinsa. Shi ya sa na ɗaure shi a jikin faffaɗan alminiyo mai haƙora, don iska ta riƙa kwashe zafin. In ya yi yawa, kashe kansa yake yi.

Na ajiye ta gindin bedi, wato itacen dogon yaro, na shiga sahu. Raka'ar farko muryar Baba ta cika fili, har tsikar jikina ta tashi. A ta biyu ta fara yankewa, sai ɗif. Allah Ya yafe mini, ban san surar da aka karanta ba. Jikina na sahu, hankalina na gindin bedi, gumi har cikin ido.

Ana sallamewa na ruga. Sai na tarar da ampili lulluɓe da bargon saƙi, Goggo, yayar Baba, na gadinta.

"Goggo, mi kinka yi?"

"Ɗan nan, abin ga tsirara shike, haƙora waje, ga baƙi na kallo! Bargon aurena na sa mai."

Na yaye, na taɓa ƙarfen, ya ƙone ni. Can Baba ya miƙe da sandarsa, leɓɓansa na motsi, ba mai ji. Na ga wani dattijo na yi wa na'ibi alama ya tashi. Tsoro ya kama ni ƙwarai.

Goggo ce ta jawo tulunta mai raɓa, muka jingina ƙarfen a jikinsa. Ta fizge malafar wani bawan Allah tana fifita, tana yi wa ampili faɗa. Na'ibi ya kai hannu zai karɓi sanda, sai lasifika ta yi tari, fili ya ji Baba yana cewa, "Bari, ban ƙare ba."

Ya kai huɗubarsa har ƙarshe. Ita ce ta ƙarshe kuwa, bai ga wata Sallar ba.

Goggo da dattawan nan duk ƙauna ce ta sa su, na sani. Amma tun ranar na gane abin da ke cikin aiki ba a lulluɓe shi, ko na'ura ne ko tsoho. Iska ake ba shi.