Katin Littafin Kaji

Kwanan baya 'yata ta nuna mini yadda take neman littafin laburare a kwamfuta. Ta rubuta suna, sai ga shi ya fito. Na tambaye ta ko mutum zai iya ɓata wani abu a ciki bisa kuskure. Ta ce a'a. Na ce to kun huta.

Shekarun da kuɗin mai ya shigo ni masinja ne a wani ofis. Kowa na neman sana'ar gefe, ni kaji na zuba a bayan gidanmu a Ƙofar Marusa. Ba su yi wata ba suka fara gyangyaɗi suna mutuwa. Wani akawu ya ce in je laburare, akwai littafin kiwon kaji da Hausa.

A can na tarar da kabad mai ƙananan durowoyi cike da katuna, kowane littafi da nasa, an soke su da sandar ƙarfe. A firamare na tsaya, karatuna a hankali ne. Tun bayan azahar nake bin su da yatsa har na kai ga nawa. Ni katin da na sani shi ne na asibiti, ka ɗauka ka miƙa a taga. Sai na ja, hudar ta yage, kati ya fito. Ma'aikacin ya tafi la'asar. Na jira na gaji, na sa a aljihu na koma gida.

Washegari na same shi, dattijo ne mai tabarau. Tsoron yagewar ya hana ni miƙa katin. Bayan mun gaisa na ce, "Malam, littafin kiwon kaji fa?"

Ya je ya bincika durowar ya dawo. "Babu. Abin da ba shi da kati, ba mu da shi. Ko yana kan kanta ya zama gawa, ba mai sake ganin shi." Ya dube ni ta saman tabarau. "Mi ya kawo wanga gumi? Ko kai ne kazar?"

Hannuna na kan aljihu, na juya na fita.

Sau huɗu ina komawa in mayar a ɓoye, kullum da mutum a tsaye wurin. Abinci ya daina shiga. Kayan jama'a ne, duk wanda ya zo nema aka ce babu, alhakin a wuyana yake. Ana haka uwargida ta wanke rigar, kati ya zama kamar tuwo.

Abin da ya cece ni, na dube shi har na haddace, har lambar da ke kusurwa. Na yanko kwali, na huda da ƙusa, na rubuta sau uku kafin ya yi kyau. Na kai wa dattijon, na faɗi komai, ina jiran ya kira ɗan sanda.

Ya juya kwalin. "Mako uku kana yawo da wanga a ciki? Allah ya ba ka lafiya." Ya zare sandar, ya soke shi a gurbinsa. Ya bi lambar zuwa kanta, ya ɗauko littafin ya kakkaɓe.

Lokacin kaji biyu suka rage. Na karanta shi duk da haka. Kuma shekara da shekaru, in aike ya bi da ni ta can, sai na shiga na jawo durowar in ga ko kwalina na nan.